Tsohuwar Tarakta Tana Sanyi Da Zarar Garma Ta Shiga Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Maris, in ruwan farko ya taɓa ƙasa a Ejura da Atebubu, wayoyin makanikan tarakta na Suame Magazine a Kumasi ba sa hutawa. Haka ma a Agusta, lokacin shirin ƙaramar damina. Kukan kusan iri ɗaya ne: tarakta ta tashi lafiya, ta yi tafiyarta a hanya, amma da an sauke mata garma sai ƙarfi ya tafi. Masu kiran galibi 'yan'uwanmu ne na Aboabo, Asawase da Tafo, waɗanda suka sayi tsohuwar Massey Ferguson suka ba direba yana yi musu aikin haya a ƙauye. Motocin kuwa sun girmi direbobinsu, domin samfurin 135 da 165 tun 1964 suka fara fitowa. Ga tambayoyin da aka fi yi mana mu makanikai, da yadda nake amsawa. Famfon inji, wato babban famfon da ke tura dizal cikin silinda, wanda kowa ke saurin ɗora wa laifi, shi ne abu na ƙarshe da nake yarda a kwance.

Masta, in da gaske injin na da matsala, me ya sa ba ya nunawa sai an sa masa kaya?

Saboda injin da ke tsaye yana kaɗawa ba ya shan wani mai na kirki. Ko bututun mai ya kusa toshewa, ɗan abin da ke wucewa ya ishe shi. Da garma ta kama ƙasa, gudun inji zai so ya faɗi, sai gwamnan da ke cikin famfo, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ya buɗe hanya yana neman mai ninki-ba-ninki, injin kuma yana zuƙar iska da ƙarfi. A nan ne duk wata ƙuntatacciyar hanya take tona kanta. Kamar mai mura ne: yana zaune ba ka san hancinsa a toshe yake ba, sai ka aza masa buhun masara. Don haka kada wani ya tayar maka da tarakta a bakin gareji, ya taka totur sau biyu, ya ce ta warke. A gona ake gwada ta, ko aƙalla da tirela cike a kan hawa.

To ta ina zan fara dubawa?

Da kunne da ido, kafin a ɗauko sifana. Ka tsaya gefe direba ya sauke garma, ka saurari inji, ka kalli bakin salansa.

In sautin inji yana faɗuwa har ya nemi mutuwa, kuma hayaƙi bai ƙaru ba, mai ne ba ya isa. In sautin yana faɗuwa, baƙin hayaƙi na tuƙuƙi, mai yana zuwa amma ba ya ƙonewa daidai, ko dai iska ta gaza, ko nozul masu fesa mai cikin silinda sun lalace, ko kayan sun fi ƙarfinta. In kuwa inji yana ta ihu da cikakken sautinsa amma tarakta ba ta ci gaba, ka bar injin ya huta da zargi, matsalar tana tsakanin kuloci da taya. Farin hayaƙi mai yaji a ido dizal ne da bai ƙone ba, shuɗi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa.

Wannan kallon na minti biyar yana raba hanya uku, kuma kowace da kuɗinta. Mai tarakta da ke zaune a Kumasi ya sa direba ya ɗauko masa bidiyo da waya ya turo, ya fi bayanin baki nesa ba kusa ba.

Tawa tana aiki lafiya na ɗan lokaci, sai ta fara tari ta mutu. In an bar ta ta huta sai ta tashi. Mene ne wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma kusan kullum yunwar mai ce. Ana bin hanyar man ne daga tanki zuwa famfo, ba a tsallake ko ɗaya.

Fara da murfin tanki. Akwai ɗan ƙaramin rami a jikinsa da iska ke shiga ta cike gurbin man da aka sha. In ƙura ta toshe shi, ko an ɓatar da murfin asali an ɗaure bakin da leda da roba, yadda direbobi ke yi, tanki zai riƙe man ya hana shi sauka. Lokacin da ta fara tarin, sassauta murfin. In ka ji ya ja iska kuma inji ya farfaɗo, ka gama, ba ka kashe ko sidi ɗaya ba.

Daga nan sai makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki. Yawanci akwai 'yar raga a samansa, a cikin tankin. Tsatsa, ganye, guntun tsumma, har da yankin leda suna yawo cikin mai, in inji ya ja da ƙarfi sai su manne wa ragar, in an kashe inji su saki su koma yawo. Shi ya sa hutawa ke "warkar" da ita. Cire bututun da ke ƙasa ka buɗe makunnin cikin roba mai tsabta. Mai ya zubo da kauri, ya kuma ci gaba da zubowa haka. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, a sauke tanki a wanke.

Sai kwalbar gilashin da ke tara dauɗa, in taka tana da ita. Ruwa ya fi dizal nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa da layinsa a fili. Sai ƙaramin famfon da ke jikin inji, mai ɗan hannun da ake bugawa. A ƙarƙashin murfinsa akwai wata raga, a cikinsa kuma akwai fatar roba da ke tsufa. In ta huje, ƙarfin turawa zai ragu, wani lokaci dizal ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai. Duk wanda ya ga baƙin mai yana ƙaruwa da kansa a jikin sandar awo, yana warin dizal, ya tsayar da aiki. Bayan wannan sai filta. Ƙarshe kuma, wurin da ake yawan mantawa: a babban famfo samfurin CAV DPA da ke kan yawancin injinan Perkins na taraktocin nan, akwai wata 'yar raga ƙarama a daidai inda bututun mai ke shiga. Ana iya ciro ta a wanke ba tare da an sauke famfo ba, amma da hannu mai tsabta, kuma a lura da yadda sifirin da sauran ƙananan kayan ke jere.

Akwai gwaji ɗaya da ke taƙaita duk wannan. Zuba dizal mai tsabta a galan, ɗaure shi sama, ja tiyo daga ciki kai tsaye zuwa filta, a fitar da iska, a shiga gona. In ƙarfi ya dawo, laifin yana baya, tsakanin tanki da filta.

Ai makon jiya na canja filta, Masta.

Na ji, Alhaji. Amma sabuwar filta a kan tanki mai dauɗa ba ta daɗewa. Man da ake kai wa gona a durom ko jarka, ana zuba shi da mazurari a tsakiyar ƙura, shi ke cika ta. Cire ta ka juye a farin faranti ka gani da idonka.

Sannan canjin kansa yana jawo matsala. Filtar CAV tana zuwa da zobban roba, kuma babba na sama a cikin kwarmin kan filta, wato ƙarfen da ake ɗaure ta a jikinsa, yake zama. In yaro ya ɗora shi a kan filtar kanta, yana iya rufe hanyar mai. In an bar tsohon zoben an ƙara sabo a kansa, iska za ta riƙa shiga. Iska kuwa ba lalle ka ga ɗigon mai a waje ba, musamman a ɓangaren da famfo ke zuƙa. Hanyar gane ta ita ce a sa guntun tiyo mai haske kafin famfo, a duba ko kumfa na wucewa. Wajen fitar da iska a bi tsari: kan filta tukuna, sannan kusoshi biyu na jikin famfo, na ƙasa kafin na sama, ana buga hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa. In hannun ya ƙi kamawa, juya inji kaɗan.

Baƙin hayaƙi take yi kamar ana ƙona taya. Famfo ne?

Duba iska tukuna. Yawancin tsofaffin nan suna da matatar iska mai kwanon baƙin mai a ƙasa. Kwance kwanon ka sa yatsa. Bayan aikin rani da hunturu, abin da za ka tarar taɓo ne, ba mai ba. A wanke kwanon, a wanke ragar ƙarfen da ke sama da kananzir a bar ta ta tsane, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Kada a wuce layin, domin inji yana iya zuƙar man ya ƙona shi, ya yi ta gudu ba mai iya kashe shi da maɓalli. Mai matatar takarda kuma kada ya wanke ta da ruwa ko ya buga ta da dutse, in ta gaji a sake. Duba tiyon roba da ke tsakanin matata da inji. Tsohon tiyo yana iya lanƙwashewa ta ciki in inji ya ja da ƙarfi, alhali a tsaye lafiya lau yake. Salansar da cikinta ya ruɓe ya faɗo ita ma tana shaƙe inji.

In iska ta wadata, sai bawul. A injin Perkins AD3.152 na 135, tazarar bawul milimita 0.30 ce in inji ya yi sanyi. Aiki ne na ƙasa da awa ɗaya, amma akwai motocin da suka shekara da shekaru ba a buɗe murfin ba. Bayan bawul sai nozul, sannan a duba ko alamar da ke jikin famfo tana daidai da ta jikin inji, don wani yana iya kwance shi a baya ya mayar a karkace.

Yaya zan gane nozul ɗin da ya mutu?

Inji yana kaɗawa a hankali, sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul ɗaya. In sautin inji ya canja, ya fara ɗingishi, wannan silinda tana aiki. Ɗaure, ka koma na gaba. Wanda ka sassauta ba abin da ya canja, a nan matsalar take, ko nozul ko matsin silindar. A inji mai silinda uku, rasa ɗaya rasa sulusin ƙarfi ne.

Kada ka kusantar da hannu wurin feshin. Matsin da ke buɗe nozul ya haura bar 150, wato ninki 150 na matsin iskar da muke shaƙa, yana huda fata ya shiga nama. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba, ya kuma gaya wa likita dizal ne ya shiga.

Inji yana da ƙarfinsa, amma ba ta ja.

Dubi tayoyin baya. In suna juyawa suna haƙa rami, riƙo ne babu. In sun tsaya cak inji yana ihu, ga warin ƙuna, kuloci ne ke zamewa. Sau da yawa feda ce ba ta da wasa: ya kamata ta ɗan sauka a banza kafin ka ji nauyi, kuma ana daidaita wannan daga waje. Direban da ke ɗora ƙafa a kan feda yana huɗa shi ke cinye faranti. In kuma mai na ɗiga daga ƙasan gidan kuloci, ya jiƙa farantin ke nan, sai an raba tarakta biyu.

Zamewar taya tana da awo mai sauƙi. Yi alama a taya da alli, auna nisan da juyi goma ya kai da garma a sama, sannan da garma a ƙasa. Ragin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari daidai ne. In ya wuce haka sosai, ko tayoyin sun sule, ko iska ta yi yawa, ko nauyi ya gaza. Ana ɗura wa tayar baya ruwa har kusan kashi uku cikin huɗu, wato zuwa bakin bawul in yana sama. Ka taɓa wajen birki ma bayan tafiya. In gefe ɗaya ya yi zafi, birki na riƙewa.

Da safe tana da ƙarfi, da rana ta take sai ta yi laushi.

Zafi ne, ko famfo ya tsufa. Fara da lagireto: ƙaiƙayi da furen ciyawa suna toshe ramukansa ta gaba, a hure su daga baya. Duba fambel ko ya saki. Ruwan rijiya da na rafi suna barin ƙanzo a ciki. Mutanenmu suna son cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su yar, ni ban goyi bayan haka ba, domin injin da bai kai zafinsa na aiki ba ba ya ƙona mai da kyau. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa.

In agogon zafi bai hau ba, amma da inji ya ɗumama sai ƙarfi ya ragu, kuma in an kashe shi da zafi ya ƙi tashi sai ya huce, to nan zan fara kallon famfo. Dizal yana tsinkewa in ya yi zafi, sai ya riƙa zurarewa ta inda ƙarfen cikin famfo ya cinye.

An ce in a juya wani noti a famfo a ƙara mata mai, ƙarfi zai dawo.

Hayaƙi zai dawo. Injin da iskarsa ta gaza ko nozul ɗinsa ke ɗiga, in ka ƙara masa mai, zafi kake ƙara wa fistin, kana wanke man jikin silinda, kana kuma ƙona kuɗinka. Notin da ke tsayar da iyakar gudu ma haka, ba a banza aka ɗaure shi da waya da darma ba. Abin da ya halatta ka duba da kanka shi ne sandar totur: in direba ya ja hannu har ƙarshe, shin hannun da ke kan famfo ya kai ga matsayarsa? Haɗe-haɗen sandar suna cinyewa, sai a rasa rabin tafiyar. Haka wayar kashe inji, in ba ta koma ciki gaba ɗaya ba tana rage mai. Na ga taraktar da aka yi wa kuɗin famfo alhali wannan wayar ce ta lanƙwashe.

In dizal ya yi wuya a ƙauye, zan iya haɗawa da kananzir?

A'a. Famfon DPA ba shi da wani mai na daban, dizal ɗin da ke ratsa shi ne ke sa masa santsi. Kananzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake sawa. Tsohon baƙin mai da wasu ke tacewa su zuba ya fi duka muni. Sayi mai a gidan mai, bar durom ya kwana a tsaye kafin a ɗiba, kada a zuƙo daga can ƙasa. Cika tanki da yamma bayan an tashi aiki yana rage raɓar da ke taruwa a ciki.

Yaushe zan yarda cewa injin ne ya gaji?

In alamu sun taru. Wuyar tashi da safe, shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, da huci mai ƙarfi daga bututun numfashi da ke gefen inji. Buɗe murfin zuba mai inji yana kaɗawa, in yana bugo hayaƙi fuf-fuf, zobban fistin sun saki. Kumfa a lagireto ko ruwan da ke ɓacewa ba a ga inda ya bi ba suna nuna gasket ɗin kai. Kafin a kwance, a sa makaniki ya auna matsin kowace silinda da agogo. Abin daɗin Perkins shi ne silindarsa tana da riga da ake cirewa a sa sabuwa, kayan kuma ana samunsu a Magazine. Sai dai akwai mai kyau akwai na banza, su duka cikin kwali mai sheƙi, don haka ka tafi da wanda zai ɗaura su ya zaɓa da hannunsa.

Ko dai tarakta lafiyarta ƙalau, mu ne muke zaluntarta?

Wannan ma yana faruwa, kuma ba a son jin sa. 135 inji ne mai lita biyu da rabi, ƙarfin doki 45 ko sama kaɗan. 165 tana wajen 60, 185 da 188 kuma wajen 75. Garmar faranti da 188 ke ja tana wasa, in ka rataya wa 135 a busasshiyar ƙasa mai kututture, dole ta durƙusa. Direban haya da eka ake biyansa, don haka yana son babbar giya. Ƙa'idar da nake ba su ita ce: in ka ƙara totur cikin huɗa inji bai amsa ba, sauko da giya ɗaya. Sannan a yi amfani da hannun haidirolik mai kula da nauyin ja, wanda ke ɗan ɗaga garma da kansa in ƙasa ta yi tauri. Da yawa ba sa taɓa shi. Farantin garma da ya dakushe, ko beyarinsa ya kama ba ya juyawa, shi ma yana cin ƙarfi.

Wajen jan tirela ko tumɓuke kututture, a ɗaura a maɗaurin ƙasa kawai. Sarƙar da aka ɗaura sama da gatarin baya tana ɗaga gaban tarakta ta kifo da ita kan direba, kuma tsofaffin nan yawanci ba su da ƙarfen kariya.

Tawa ta fetur ce, irin ta da can.

Ba su da yawa a nan, amma akwai, kamar Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956. Hanyar mai da ta iska duk ɗaya ne da abin da na faɗa. Ƙari a kai shi ne wuta: fulogi, tazarar foyin, kwandensa, da kwayil da ke yankewa in ya yi zafi. Wuta mai rauni tana isa a tsaye, amma ta gaza in silinda ta cika. Sai babban jet na kafireto, wato ɗan ramin da fetur ke bi ya haɗu da iska, a hure shi da iska, kada a soka masa waya.

Na bi duk wannan, ba canji. Yaya zan kawo famfon Kumasi?

Wanke jikinsa da kewayensa kafin a taɓa noti. Duba alamar da ke tsakanin famfo da inji, in ba ta fito ba a ja sabuwa da ƙarfe mai tsini, kuma kada a juya inji bayan an cire. Toshe kowane rami da leda mai tsabta, har bakin bututun da suka rage a jikin tarakta. Haɗo da nozul duka, kowanne da lambar silindarsa. Ɗauki hoton farantin lamba na jikin famfo da lambar inji, domin da su ake sanin awon da za a saita. Kai shi wurin mai injin gwaji, ka tsaya a ɗora shi a gabanka, ka ga abin da kowane bututu ke zubawa cikin gilashin awo kafin gyara da bayansa. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Kafin famfon ya koma Ejura, a riga an wanke tanki, an hure bututu, an sa sabuwar filta, in ba haka ba dauɗar da ta kashe shi tana nan tana jiransa.